Ɗab'in Naman Jiki da Na'ura: Abin da Ya Yiwu da Dalilin da Ƙoda Ta Gagara

Bidiyoyi na yawo a WhatsApp da Facebook suna nuna na'ura tana fitar da wani abu ja mai siffar zuciya ko ƙoda, ana cewa Turawa sun gama da matsalar dashe. Mai jinyar da ke kai ɗan'uwansa wankin ƙoda sau biyu ko uku a mako, yana sayar da gona da dabbobi don biyan kuɗin, ba zai ga irin wannan ya wuce ba. Don haka gara a faɗi gaskiya tun farko: har yau ba a taɓa dasa wa ɗan Adam ƙoda ko hanta ko zuciya da na'ura ta buga ba, a kowace ƙasa. Ilimin kuwa na gaske ne, yana ci gaba, kuma akwai sassan jikin da ya riga ya kai gadon asibiti. Sanin inda iyakar take yana buƙatar sanin yadda ake aikin.

Dashen ƙoda na farko da ya yi nasara an yi shi ne a birnin Bostan na Amurka a 1954, inda Joseph Murray ya ɗauki ƙodar wani tagwaye ya sa wa ɗan'uwansa. A Najeriya an fara a Legas a 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya bi a 2002, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke nan Sakkwato ya yi nasa na farko a farkon 2025. Amma dashe na da ƙaya biyu. Masu bayarwa ba su kai masu nema ba: a Amurka kaɗai sama da mutum 100,000 ke kan layi, akasarinsu ƙoda suke jira. Sannan garkuwar jiki ba ta yarda da baƙo, dole wanda aka yi wa dashe ya sha magungunan danne ta irin su takrolimus har ƙarshen rayuwarsa, magungunan da ke da tsada kuma suke buɗe ƙofa ga cututtuka. Burin masu ɗab'in nama shi ne su cire ƙayoyin biyu lokaci guda, su gina gaɓar daga ƙwayoyin halittar mai ciwon kansa.

Aikin yana farawa da hoto. Ana ɗaukar hoton CT ko MRI na wurin da za a gyara, kwamfuta ta mayar da shi siffa mai tsawo da faɗi da zurfi, sannan ta yanka siffar zuwa faifai-faifai masu kaurin kamar milimita 0.2. Na'urar takan bi waɗannan faifai ɗaya bayan ɗaya, daga ƙasa zuwa sama, yadda maginin rumbu ke ɗora zoben laka kan zobe, yana jiran na ƙasa ya sha iska kafin ya aza na sama. Wannan ɓangaren shi ne mafi sauƙi. Tun a 2003 Thomas Boland na Jami'ar Clemson ya wanke kwandon tawadar firinta irin ta ofis, ya zuba ƙwayoyin halitta a ciki, kuma suka fito da ransu.

Wahala tana farawa daga ƙwayoyin. A ce kunne za a yi. Likita zai yanki ɗan guringuntsi da bai kai giram ɗaya ba daga jikin mai ciwon, a jiƙa shi a sinadarin da ke narkar da kolajin, wato zaren da ke ɗaure ƙwayoyin nama wuri guda, har ƙwayoyin su saki juna, a zuba su a kwalaben raino masu shimfiɗaɗɗen gindi da ruwan abinci mai suga da gishiri da sinadaran girma. Kwalaben suna zama a akwatin ɗumi mai zafin digiri 37, da iskar kabon kashi 5 cikin 100 don kada tsamin ruwan ya kauce, ana sauya ruwan duk kwana biyu ko uku. In ƙwayoyin sun cika gindin kwalba sai a ɓanɓare su a raba wa kwalabe da yawa. Kwalba mai faɗin santimita murabba'i 75 miliyoyi kaɗan take bayarwa. Ga kuma abin da ke ɓata aiki: ƙwayar guringuntsi in aka yi ta rabawa sau da yawa a kan roba takan manta sana'arta, ta miƙe, ta daina yin kolajin nau'i na biyu wanda shi ne na guringuntsi, ta koma yin nau'i na ɗaya irin na tabo. Kunnen da aka gina da irin waɗannan yakan taurare ko ya motse bayan watanni.

Ƙwayoyin zuciya da na tacewar ƙoda sun fi haka taurin kai, don kusan ba sa hayayyafa a kwalba. Mafitar da ake dogaro da ita ta fito ne daga Japan, inda Shinya Yamanaka ya nuna a 2006 a kan ɓeraye, a 2007 a kan mutum, cewa da sinadaran gado huɗu za a iya mayar da ƙwayar fata ta baligi ta zama ƙwayar asali mai iya rikiɗa zuwa kowane irin nama. Ya samu kyautar Nobel a 2012. Sai dai ƙwayoyin zuciyar da ake samu ta wannan hanya sun fi kama da na ɗan tayi, bugunsu ba shi da ƙarfi, kuma in ƙwayar asali ko kaɗan ta saura ba ta rikiɗa ba tana iya zama ƙari a jikin wanda aka sa wa. Sai batun yawa. Giram ɗaya na hantar mutum na ɗauke da ƙwayoyin hanta sama da miliyan 100, hantar kuma ta kai kilo ɗaya da rabi. Lissafin ya haura biliyan 100. Tawadar da aka saba bugawa da ita kuwa, wato haɗin ƙwayoyin da na'urar ke fitarwa, tsakanin miliyan 1 zuwa 10 take ɗauka a kowace mililita.

Ita wannan tawada mai rai ta cancanci a tsaya a kanta, domin a nan ne mai koyo ya fi asarar watanni. Ƙwayoyin ba sa tsayuwa su kaɗai, sai an cuɗa su da wani abu mai danƙo wanda mafi yawansa ruwa ne. Mafi arha shi ne aljinet da ake samu daga ciyawar teku: giram 2 zuwa 4 a ruwa mililita 100, in an buga sai a zuba masa ruwan kalsiyam ya daskare nan take. Aibinsa shi ne ƙwayoyin ba su da wurin kamawa a jikinsa, sai su zauna a dunƙule ba sa miƙewa ba sa haɗuwa da juna. Kolajin da jelatin, wanda daga kolajin ake samun sa, sun fi dacewa da ƙwayoyin, amma jelatin yana narkewa a zafin jiki. Shi ya sa ake sarrafa shi da wani sinadari ya zama mai daskarewa da haske, a haɗa shi kashi 5 zuwa 10 cikin 100, a haska masa shuɗin haske na ɗan lokaci. In hasken ya gaza ginin ya zube, in ya wuce kima ƙwayoyin su lalace.

Ana zuba tawadar a sirinji, iska ko fistan ya turo ta ta allura mai faɗin baki milimita 0.2 zuwa 0.4. Tawada mai kauri tana riƙe siffa da kyau, amma sai an matsa ta da ƙarfi, kuma gogayyar da ke faruwa a bangon allura tana yayyaga fatar ƙwayoyin. Tawada mai ruwa-ruwa tana barin su da rai, amma faifai na uku ko na huɗu na hawa sai komai ya baje. Rage bakin allura don samun aiki mai kyau yana ƙara kisa. Da wannan salon turawa, ƙwayoyin da ke tsira kan kama daga kashi 40 zuwa 80 cikin 100. Salon ɗiga-ɗiga irin na firintar ofis da salon hasken leza sun fi barin su da rai, amma ba sa iya ɗaukar tawada mai kauri ko gina abu babba da sauri. Ana gane sakamakon ne da rini biyu a ƙarƙashin madubin ƙara girma: mai rai ya haska kore, matacce ya haska ja. Gogaggen ma'aikaci ba ya yarda da kirgen ranar farko, yakan sake dubawa bayan kwana 7, kuma yakan yanka ginin ya duba tsakiyarsa, don gefe kullum kore yake. Sauran masu ɓata aiki ƙanana ne amma kullum suna nan: kumfar iska a sirinji mai yanke zare, ƙwayoyin da ke kwantawa a gindin sirinji in bugu ya daɗe har faifan farko su fi na ƙarshe cika, allura mai toshewa, da bushewar gefuna.

An samu dabaru biyu na rage wannan tsaka mai wuya. Ta farko ita ce a buga ƙashin gini da wata roba mai narkewa a jiki a hankali, mai suna PCL, wadda na'ura ke narkar da ita da zafin da ya haura digiri 60 kafin ta buga ta, sannan a cike tsakaninta da tawada mai laushi. Da haka ƙungiyar Anthony Atala ta Jami'ar Wake Forest ta buga kunne da ƙashi da tsoka a 2016, ta dasa wa ɓeraye, suka rayu. Ta biyu ta fito daga Adam Feinberg na Jami'ar Carnegie Mellon a 2015: a yi bugun a cikin kwano cike da ɓarɓashin jelatin mai riƙe zaren a inda aka ajiye shi, in an gama a ɗumama zuwa digiri 37, jelatin ya narke ya bar ginin.

Akwai abin da ya shafe mu kai tsaye a nan. Jelatin da aka fi sayarwa don wannan aiki daga fatar alade ake yin sa. Akwai na fatar shanu, akwai na kifi, kuma duka suna aiki, ko da yake na kifi ba ya daskarewa sai da sanyi sosai, don haka sai an sauya tsarin bugun. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta halatta dashen gaɓoɓi bisa sharuɗɗa a zamanta na Jidda a 1988, ta kuma haramta sayar da su, amma tambayar tushen tawada tambaya ce ta daban da ya kamata malamanmu da likitocinmu su zauna a kanta tun kafin kayan su iso. Ƙasar da ta shahara da fatar jar akuya da shanun gudali ba ta rasa inda za ta samo kolajin ba. Abin da ke da wuya shi ne tsarkake shi daga gubar ƙwayoyin cuta har ya cancanci shiga jikin mutum.

Yanzu ga babban shingen. Kowace ƙwayar halitta tana buƙatar iskar oksijin, kuma iskar ba ta ratsa nama fiye da milimita 0.1 zuwa 0.2 daga jijiyar jini mafi kusa. Akasarin ƙwayoyin da suka fi haka nisa za su shaƙe cikin awoyi. Shi ya sa ginin da ya kai kaurin santimita ɗaya, in ba shi da hanyar jini, yakan ruɓe daga ciki alhali wajensa na nan lafiya. Jiki yana iya tsiro da sababbin jijiyoyi zuwa cikin abin da aka dasa, amma wannan aikin kwanaki ne zuwa makonni, ƙwayoyin tsakiya kuwa ba za su jira ba.

Masana sun koyi buɗe hanyoyi a cikin ginin. Jordan Miller ya nuna a 2012 cewa za a iya buga raga da narkakken suga, a zuba tawada mai rai a kanta, sannan a wanke sugan da ruwa ya bar ramuka. Ƙungiyar Jennifer Lewis ta Jami'ar Harvard tana amfani da wani sinadari mai suna Pluronic wanda ke komawa ruwa in aka sanyaya shi zuwa digiri 4, a zuƙe shi, a shafe bangon ramin da ƙwayoyin da ke shimfiɗe a cikin jijiyar jini. Waɗannan hanyoyi suna aiki, ana tura ruwan abinci ta cikinsu da famfo nama ya rayu makonni. Amma faɗinsu ɗaruruwan maikuromita ne (maikuromita 1,000 ne milimita ɗaya), ƙananan jijiyoyin da ke shayar da nama kuwa maikuromita 5 zuwa 10 ne, ƙwayar jini ɗaya-ɗaya ke bi ta cikinsu. Ba allurar da ke zana wannan da ƙwayoyi masu rai a ciki. Dole a buga manyan, a bar ƙananan su tsiro da kansu su haɗe da manyan, kuma har yanzu ba a iya sa wannan ya faru a ko'ina cikin gaɓa mai girman ta mutum ba. Ko an samu, sauran gwaji biyu. Duk inda shafen cikin jijiya bai rufe ba, jini na taɓa wurin zai daskare ya toshe hanya. Kuma dole bakin jijiyar ya ɗauki ɗinkin likita ya jure bugun jini, abin da tawada mai laushi ba ta iyawa.

In aka ɗora ƙoda a kan wannan ma'auni sai a ga nisan tafiyar. Ƙoda ɗaya na da matatai kusan miliyan 1, kowace da ƙullin jijiyoyinta da siririn bututunta mai lanƙwasa, da nau'in ƙwayoyi sama da 20, kowanne a mazauninsa. Ƙodojin biyu suna tace ruwa kusan lita 180 a yini, su mayar da kusan duka cikin jini, su fitar da kamar lita ɗaya da rabi a matsayin fitsari. Ko lokacin bugun kaɗai matsala ne: a cika mililita 150 da zare mai kaurin milimita 0.2, allura na tafiyar milimita 10 a daƙiƙa, zai ci sama da awa 100, ƙwayoyin faifan farko kuma suna zaune ba jini duk tsawon lokacin. Ƙodar da Atala ya ɗaga a wani taro a 2011, wadda hotonta ya zagaya duniya, siffa ce kawai, ba ta tace komai. Zuciyar da Jami'ar Tel Abib ta nuna a 2019 girman ta zomo ce, ƙwayoyinta na motsi amma ba ta harba jini.

Abin da ya shiga jikin mutane shi ne marar kauri, ko wanda ba ya cin jini da yawa. Mafitsarar da Atala ya dasa wa yara da matasa 7 daga 1999, aka wallafa sakamakon a 2006, da hannu aka shuka ƙwayoyinta a kan ƙashin gini, ba na'ura ce ta buga ba, amma ita ta nuna hanyar. A 2022 a jihar Texas aka dasa wa wata mace 'yar shekara 20 da aka haifa da naƙasasshen kunne sabon kunne da kamfanin 3DBio Therapeutics ya buga daga guringuntsinta. An fara da guringuntsi ne don dama can ba shi da jijiyoyin jini. A 2023 likitoci a Koriya ta Kudu sun dasa wa wata mata guntun maƙogwaro da aka buga da PCL da ƙwayoyi masu rai. Duk waɗannan gwaji ne a kan mutane ƙalilan. Fannin kuma yana da tabon da ya sa hukumomi ke taka-tsantsan: Paolo Macchiarini, likita a Cibiyar Karolinska ta Suwidin, ya dasa wa marasa lafiya maƙogwaron roba da aka jiƙa da ƙwayoyin asali daga 2011 ba tare da cikakken gwaji a kan dabbobi ba, akasarinsu suka mutu, kotu ta ɗaure shi a 2023.

Ga Sakkwato, inda wannan ilimi zai fi saurin amfani ba sashen ƙoda ba ne. Tun 1999 garin ke da asibitin yara masu cutar noma, wadda wasu ke kira ciwon iska, cutar da ke cin kumatu da leɓe da hanci da ƙashin muƙamuƙin yara ƙanana masu tamowa, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa a jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disamban 2023. Abin da fuskar yaron da ya tsira ke nema shi ne fata, guringuntsi da ƙashi, wato ainihin abubuwan da ɗab'i ya fi kusa da iyawa. Haka ma wanda gobara ko fashewar fetur ta ƙona. Duk da haka a yi hattara da ɗoki. Wurin da noma ta ci tabo ne mai ƙarancin jini, yana maƙwabtaka da baki mai cike da ƙwayoyin cuta, fuskar yaro kuma tana girma. Shi ya sa har yanzu likitan fiɗa ya fi amincewa da ɗauko fata da tsoka tare da jijiyarsu daga wani sashen jikin yaron. Abin da za a iya yi yau, da firinta mai buga roba da ba ta fi ƙarfin sashe ɗaya na asibiti ba, shi ne a buga ƙoƙon kan yaron daga hoton CT, likita ya riƙe a hannu, ya auna, ya lanƙwasa farantin ƙarfen da zai sa tun kafin a shiga ɗakin tiyata. Wannan yana rage lokacin da yaro mai rauni zai yi a ƙarƙashin maganin barci. A Afirka ta Kudu, Mashudu Tshifularo ya dasa ƙasusuwan cikin kunne da aka buga da ƙarfen titaniyam a 2019, kuma wannan ma ba nama mai rai ba ne.

Wanda ke son kafa ɗakin ɗab'in nama mai rai a nan, na'urar ce ƙaramin abin da zai saya. Akwatin ɗumi yana son wuta dare da rana ba yankewa, don haka sai da sola da batura da janareta a baya. Ɗaukewar wuta ta dare ɗaya na iya kashe rainon wata biyu. Tawadar jelatin ana buga ta ne a zafin da bai wuce digiri 20 da 'yan kai ba, a garin da zafin bazara ke haura 40, ke nan sanyaya ɗaki wajibi ne. Ƙurar hunturu tana ɗauke da ƙwayoyin funfuna, ɗaya ta faɗa kwalba ruwan zai gurɓace cikin kwana biyu, don haka ana buƙatar teburin aiki mai tace iska da ƙofa biyu kafin shiga. Sai tukwanen iskar kabon da ba za su yanke ba, ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri don ajiyar ƙwayoyi, da sinadaran da dole su iso daga waje a cikin ƙanƙara ba tare da sun kwana a tasha ba. Aikin farko da ya dace da irin wannan ɗaki shi ne buga ƙananan guntayen hanta ko fata don gwada guba da ingancin magani, har da magungunan gargajiya da mutanenmu ke sha ba a san abin da suke yi wa hanta da ƙoda ba. Kamfanin Organovo ya fara yi wa masu haɗa magunguna gwaji da irin wannan naman hanta a 2014.

Mai ciwon ƙoda da iyalinsa kuwa, hanyoyin da ke gabansu su ne wanki da dashe daga ɗan'uwa mai bayarwa don Allah, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin gaɓoɓi. Duk wanda ya zo da tayin ƙodar na'ura a wata ƙasa a kan kuɗi, damfara ce. Ranar da labarin zai canza akwai alamar da za a nema: a ji an cire wa babbar dabba, tunkiya ko biri, ƙodojinta biyu, an sa mata bugaggiya, ta yi watanni tana fitsari, gwajin jininta na kiriyatinin, mai nuna ko ƙoda na aiki, yana daidai, kuma wata ƙungiyar masana daban ta maimaita aikin ta samu sakamako iri ɗaya. Daga wannan mataki zuwa gwaji a kan mutum na farko, da bibiyarsa, da amincewar hukumomin magunguna, akwai ƙarin shekaru masu yawa.